Rabon Hankaki

Maganin ciki kawai suka fita saya.

Tun la'asar Mukundan yake juyi a kan gadon masauki, hannu a kan cibiya, yana tsine wa kifin da ya ci da rana. Yayarsa Girija, wadda yake kira Chechi, ta shekara ashirin da biyu tana aikin jinya a Palakkad, ta san ɓacin ciki in ta gan shi. Wannan bai yi mata kama da shi ba. Babu zazzaɓi, babu amai, babu gudawa. Cikin ne kawai ya ɗaure, in ta danna sai ta ji tauri wuri guda, a ƙasan ƙirji.

"Wa ya aike ka cin kifi ranar shinkafar Achan?" ta ce, tana laluben jakarta. "Ko yaro ya san yau ba a cin mai rai."

"Ai ba mai rai ba ne, Chechi. Na duba shi da kyau, ya fi Achan mutuwa."

"Bakin nan naka sai ya ja maka. Kwanta, in je kemis in dawo."

"In kwanta? Ɗaki mai kallon teku na kama mana, ke kin mayar da shi ɗakin jinya. Tare za mu."

Ya tashi yana cizon leɓe, ya zura riga. Sai daga baya Girija ta tuna irin saurin da ya yi, kamar wanda ba ya son a ja ƙofa a bar shi shi kaɗai.

Abu biyu ya kawo su Varkala, a bakin tekun kudancin Indiya. Mahaifinsu, wanda suke kira Achan, ya cika shekara da rasuwa, dole ɗansa namiji ya ajiye masa shinkafa a bakin teku, inda kakanninsu suka saba ajiyewa. Na biyun kuwa hutu ne. Girija ba ta taɓa kwana a masauki don jin daɗi ba, Mukundan kuma ya rantse sai ya koya mata. "Awa ɗaya ta tsoho, kwana uku namu," haka ya ce mata a waya.

Awa ɗayar sun yi ta da sassafe. Mukundan ya yi wanka a teku, ya durƙusa gaban malamin haikali da jiƙaƙƙen zane, ya cura dafaffiyar shinkafa da baƙin riɗi, ya ɗora a kan ganyen ayaba. Ya jiƙa hannu ya tafa sau uku, yadda ake kiran hankaki su zo su ci a madadin mamaci. Malamin ya wuce wurin wasu. Girija ma ba ta tsaya ganin saukar tsuntsayen ba. Kuka ne ya zo mata ba shiri, ta juya ta tafi wanke fuska. Da ta dawo ganyen ya zama wayam.

"Sun cinye?" ta tambaya.

"Tas," ya ce, yana goge baki.

Yanzu rana ta kusa taɓa ruwa. Hanyar kemis ɗin ita ce hanyar bakin tudu, siririya, shaguna a hannun hagu, a dama kuwa jar ƙasa ce da ta yanke tsaye har zuwa yashi, can ƙasa. Damina ba ta gama tafiya ba, rabin shagunan a rufe suke da tamfol. Wasu Turawa mata biyu suna ɗaukar hoton faɗuwar rana. Iska tana kawo ƙanshin soyayyar ayaba da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, daga nesa kuma ƙararrawar tsohon haikali tana bugawa a hankali.

"Kin ga abin da nake faɗa miki?" Mukundan ya nuna tekun da haɓa. "Shekara arba'in da bakwai, ba ki taɓa tsayawa kin kalli abu don kawai yana da kyau ba."

"Ina kallonka kullum, ban ga amfanin ba."

Ya yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya. Ya dafe ciki.

A lokacin ne ta lura da hankakin. Sun jeru a kan shingen gora da aka yi wa bakin tudun, baƙaƙe wuluk, sun fi talatin. Hankakin wurin yawon buɗe ido ba su da kunya, suna fizgar abinci daga hannun mutum suna ihu. Waɗannan ko ɗaya bai yi kuka ba. Duk inda Mukundan ya taka, kawunansu suna juyawa tare.

Sun wuce shago na ƙarshe mai fitila. Hanyar ta shiga ƙarƙashin itatuwan kwakwa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙarfe ne a kan dutse, a bayansu. Girija ta waiwaya. Babu kowa, sai tamfol yana kaɗawa.

"Wani ne da lema," ta ce.

Mukundan bai waiwaya ba. Wuyansa ya shige tsakanin kafaɗunsa, yadda ba ta gan shi ya yi ba tun yana ɗan makaranta.

Achan shugaban tashar jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya, rani da damina ba ya rabuwa da baƙar lemarsa mai tsinin ƙarfe. In zai yi duka, sai ya buga tsinin a ƙasa sau uku. Bai taɓa ɗaga wa Girija hannu ba. Mukundan ne nasa. Horon da ya fi so ma ba na lemar ba ne. Yakan kira yaron cin abinci da sunansa, ya jira ya wanke hannu ya zauna, sannan ya sa tsinin lema ya janye farantin. Tun Mukundan yana ɗan shekara shida ba ya kai loma baki sai ya ɗaga kai ya tambaya, "Achan, in ci?" Girija ce take kai masa shinkafa a ɓoye, a ƙunshe cikin ganye, ta zauna ta riƙe masa kai har ya yi barci.

Iskar ta canja. Ƙanshin ayaba ya tafi. Warin man kwakwa ya zo, da garin taba, irin na jikin Achan.

"Chechi," ya ce a hankali. "Kina ji?"

"Yi sauri kawai."

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Wannan karon a kusa da dugadugansu.

Ta ji ƙarar kafin ta ga komai. Irin ƙarar da sanda take yi a kan katifa. Mukundan ya yi gaba, ya kifa da gwiwoyinsa a kan tsakuwa, bakinsa a buɗe babu sauti. Rigarsa ta tsage daga kafaɗa zuwa ƙugu. Girija tana kallo fatar ta tashi, doguwar shaida, ta yi fari, ta yi ja, ta fashe.

Ta juya da jakarta a ɗage. Hanya ce kawai, da itatuwa.

Ta cusa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa ta ja shi. A gaba kaɗan, inda matakala take sauka zuwa yashi, akwai rumfar wata tsohuwa mai shayi da soyayyar ayaba. Sun sha shayinta da safe, ta ce musu sunanta Nabeesa. Tana kwashe kofuna, farin mayafi a kanta. Da ta ɗago ta gan su, ba su ta fara kalla ba. Bayansu ta kalla. Sannan ta jawo murfi ta rufe tiren ayabarta, ta ɗora dutse a kai.

"Umma, ki taimaka, wani ya..."

"Ba wani. Zaunar da shi nan, nesa da kayana." Ta sunkuya ta leƙa fuskar Mukundan. "Kai ne mai dariyar nan da safe. Me ka yi a ƙasa?"

"Ban yi komai ba."

"'Yata, ki tambaye shi ke. Ni ba ni da lokaci, an kusa kiran sallah."

Girija ta durƙusa ta riƙe fuskarsa da hannu biyu. "Mukundan. Hankakin sun ci?"

Ya kawar da ido.

"Sun sauko," ya ce. "Na tafa, sun sauko. Babbansu ya matso, ya miƙa baki. Sai na janye ganyen."

"Ka yi me?"

"Na janye. Na ɗauka na cinye, yana kallona. Sau ɗaya kawai, Chechi. Sau ɗaya a rayuwata, in kira shi, ya zauna, in janye."

Girija ba ta yi masa faɗa ba. Wani ɓangare na zuciyarta ma ya fahimce shi sarai.

"Mahaifinmu ne ke nan?" ta tambayi tsohuwar, muryarta ƙasa ƙasa.

"Mahaifinku yana inda Allah ya kai shi, wannan ba ni da sani. Ku kuna cewa matattunku ne suke zuwa, mu muna cewa aljannu ne." Nabeesa ta zaro ganyen ayaba daga ƙarƙashin tebur, ta yage shi biyu. "Abin da na sani, tun kafin a haifi kakata ake tafi a yashin nan ana ajiye abinci. Akwai waɗanda suka saba. In ka kira, wani ya taso. Ka kira shi kuma ka hana shi, to zai bi abincinsa duk inda yake." Ta nuna cikin Mukundan da yatsa. "Ba zai jira ya fito ta hanya ba."

"Tun safe ya ci, Umma. Awa goma sha ɗaya. Babu abin da ya rage a ciki."

"Ke ce nas. Danna ki ji."

Girija ba ta danna ba. Ta riga ta ji tun la'asar.

"In dafa wata? Ki ba ni shinkafa, in..."

"Wata ba tasa ba ce. Wadda aka kira shi a kanta." Ta damƙa mata ganyen. "Inda aka ajiye da safe, nan za a mayar. Ki jiƙa hannu ki tafa. Ki yi sauri, hankaka ba ya ci bayan duhu. In ya fara ci, ku taho. Kada ki kalli mai yunwa yana cin abinci."

"Ki zo tare da mu."

"A'a."

Ƙwas.

A kan murfin tiren ne. Dutsen da ta ɗora ya yi tsalle.

Nabeesa ta fara karatu a ƙasan maƙoshi, tana ja da baya. Girija ta ɗaga ƙaninta suka nufi matakalar.

Matakalar an sassaƙa ta ne a jikin jar ƙasa, ruwa yana tsattsafowa ta gefe, gansakuka ta rufe ta. Rabin rana ya nitse. Daga masallacin masunta aka fara kiran sallar magariba, iska tana yanka muryar tana kawowa guntu guntu. Hankakin suka tashi daga shinge gaba ɗaya, ba kuka, sai ƙarar fukafukai, suka nufi itatuwan kwakwa inda suke kwana.

"Suna tafiya," Mukundan ya ce.

"Kalli ƙafarka."

Sun sauka kamar mataki ashirin lokacin da duka na biyu ya zo. A bayan gwiwa ya same shi. Ƙafar ta lanƙwashe, ya zame daga hannunta, ya gangara. Ta ji kansa ya bugi dutse, ya sake bugu. Ta bi shi a zaune, sarinta yana yagewa, tafin hannunta yana saɓulewa a kan ƙasa.

Ta same shi a kwance a kan yashi, girarsa ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Yana numfashi.

Bakin tekun babu kowa. Rumfunan malaman haikali an naɗe su. Guntayen ganye da furanni na safe suna yawo a bakin ruwa. Warin man kwakwa ya danne warin gishiri.

"Ina ne? Mukundan, ina ka ajiye?"

Ya nuna wani baƙin dutse kusa da ruwa. Ta kama shi ta wuyan riga ta ja shi a kan yashin. Ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Ba ta san inda ƙarfin ya fito ba.

Da ta ɗaga kai ta ga ramukan.

Ƙanana ne, kamar an soka yatsa a jiƙaƙƙen yashi. Uku, sai tazara. Uku, sai tazara. Sun taso daga gindin matakala, suna tafe a gefensu. Babu sawun ƙafa ko ɗaya.

Tana kallo wasu uku suka buɗe, kusa da kunnen Mukundan.

Ta shimfiɗa ganyen a kan dutsen, ta danne gefensa da takalminta. Ta juyar da ƙaninta a kan gefensa, yadda ta juyar da ɗaruruwan marasa lafiya.

"Buɗe baki."

Ya buɗe. Ta zura yatsu biyu har maƙogwaro.

Duka ya sauka a gadon bayansa. Haƙoransa suka haɗu.

Girija ta ji ƙashin yatsanta ya tsinke. Ba ta yi ihu ba, iska ce kawai ta fita daga bakinta. Ta fizgo hannun. Kan yatsan tsakiya yana reto da 'yar fata.

Muƙamuƙinsa ya kulle. Idonsa ɗaya da yake buɗe yana kallon sama, sama da kanta.

Ta waiwaya.

Lema ce, baƙa, a buɗe. Tana tsaye a tsakaninsu da sauran hasken da ya rage. Ta yi tsawo, ta wuce tsawon kowane mutum. A ƙarƙashinta akwai farin zane irin na Achan, da guga, da ninkinsa. Amma zanen bai kai ƙasa ba, kuma babu abin da ya fito daga ƙarƙashinsa. Inda fuska ya kamata ta kasance, duhu ne, sai wani abu a ciki da yake ta haɗiyar yawu.

Lemar ta rufe kanta, a hankali. Ta juya tsininta ƙasa.

"Mukundan," in ji murya. Muryar kiran cin abinci ce. "Wanke hannu."

Fitsari ya jiƙa zanen Mukundan.

Girija ta kama gashinsa da hannun hagu, ta ja shi cikin ruwa. Igiya ta buge su, ta kai mata ƙugu. Ta danna kansa ƙasa.

Ya yi ta fizga. Ya yakushe ta a wuya. Ta hau bayansa da gwiwa, ta ƙara dannawa, tana ƙirgawa. Da ta ji ƙirjinsa ya buɗe yana zuƙar ruwa, ta ɗago shi. Ya yi tari, ya yi kakari. Ruwan gishiri kawai ya fito.

Ta sake danna shi.

Abu ya sauka a kafaɗarta kamar an yanka ta da wuta. Karo na farko ke nan a rayuwarta. Ashe haka yake, ta ce a ranta. Ashe haka yake ji duk shekarun nan.

Na biyu ya same ta a kunne. Duniya ta yi shiru ta gefe ɗaya.

Ba ta saki gashin ba. Ta jawo shi waje, ta kwantar da shi rigingine a gindin dutsen. Cikinsa ya kumbura da ruwa, taurin nan yana nan, ana ganin tudunsa ta cikin fata.

Tsinin ƙarfe ya sauka daidai kan tudun.

Ya fara shiga. Fatar ta lotsa. Jini ya taru a kewaye, baƙi a cikin wannan haske.

Girija ba ta taɓa dukan kowa ba. Ko 'yarta ba ta taɓa mari ba. Ta dunƙule hannun da ya karye, ta rufe shi da ɗayan, ta ɗaga su sama da kanta, ta sauke a ƙasan ƙirjin ƙaninta da dukan nauyinta.

Wani abu ya karye a ciki. Ta san ƙarar. Haƙarƙari ne.

Ta sake ɗagawa.

Mukundan ya kare kansa da hannu biyu. Ita yake kallo. Ba abin da yake tsaye a kansu ba, ita.

"Na tuba," ya ce, da muryar ɗan shekara shida. "Ba zan ƙara ba."

Ta sauke.

Ta sake saukewa.

Jikinsa ya lanƙwashe kamar baka. Bakinsa ya wage har gefen leɓensa ya tsage, abin ya fito, ya faɗo a kan yashi.

Curin shinkafa ne, cikakke, girman dunƙulen hannu. Ko ƙwaya ɗaya ba ta narke ba. Baƙin riɗin yana nan a jikinsa, da shaidar yatsun Mukundan. Da ta ɗauka, a bushe yake, da ɗuminsa.

Ta ɗora a kan ganyen.

Rana ta tafi. Jan layi kawai ya rage a kan ruwa. Sama babu tsuntsu ko ɗaya.

Hannayenta a jiƙe suke, da ruwa da jini. Ta tafa.

Zafin ya hau har ƙwaƙwalwarta.

Ta tafa na biyu.

Tsinin bai ɗaga ba. Mukundan ya daina motsi.

Ta tafa na uku. Guntun yatsan ya faɗi.

Shiru. Igiya ta zo, ta koma.

"Ga shi nan," ta ce da ƙarfi, ba ta san wa take gaya wa ba. "Naka ne. Babu mai janyewa. Ci."

Ta sa ƙafa ta tura ganyen gaba, ta ja hannayenta baya, ta sunkuyar da kai.

Fukafukai.

Guda ɗaya ne. Ya sauka a kan dutsen da nauyi. Ta ji farcensa a kan ganye. Ya yi taku biyu, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, kamar mai jiran ya ga ko za a sake yi masa.

Sannan ya kai baki.

Ƙarfen ya zare daga cikin Mukundan da wani ɗan sauti, kamar an cire ƙafa daga laka.

Girija ta juya wa dutsen baya. Ta ɗaura gefen sarinta a cikinsa, ta ɗora hannunsa a wuyanta. "Tashi. Tashi, ɗan'uwana. Kada ka waiwaya."

A bayansu, ba ƙarar tsuntsu ba ce. Tauna ce, ta babban baki, da tsotsar yatsu. Shinkafar ba ta fi loma huɗu ba, amma har suka kai gindin matakala ana ci. Ta ji an yaga ganyen. Ta ji an tauna takalminta.

Ta hau da shi, mataki ɗaya, ta huta, mataki ɗaya. Sau biyu ya sulale, sau biyu ta ɗago shi. A tsakiyar matakalar taunar ta tsaya.

Ƙwas.

Guda ɗaya. Can ƙasa.

Ta jira na biyu, ƙafarta a sama. Bai zo ba.

A saman tudu Nabeesa tana tsaye da fitila, da masunta biyu da ta kirawo daga masallaci. Babu wanda ya taka matakalar a cikinsu. Sai da Girija ta kawo shi mataki na ƙarshe suka miƙa hannu suka karɓe shi.

"Kin kalla?" tsohuwar ta tambaya.

"A'a."

"To ki tafi da ƙaninki. Kada ya ƙara saukowa nan."

A asibiti suka ƙarasa hutun, da wasu kwana tara a kai. An rubuta cewa ya faɗo daga matakala. Likitan, wata yarinya mai tabarau, ta kira Girija gefe ta nuna mata hoton ƙirji. Ta ce shaidun baya da ramin ciki ba ta san abin da ya yi su ba. Amma haƙarƙari ukun nan, daga gaba aka karya su, da hannu. Girija ta ce haka ne.

Kunnenta na hagu bai sake ji ba. Yatsan an ɗinke shi a gajarce, har yanzu tana iya yin allura. Duk shekara ita take komawa Varkala ita kaɗai, da jirgin safe, ta ajiye shinkafar ta juyo a ranar. Kullum kafin ta gama tafi na uku, hankaka ya riga ya sauko.

Mukundan ya warke. Ya koma shagonsa na kayan gini a Kochi, abokansa suna cewa barkwancinsa yana nan. Ba su taɓa zancen yammacin nan ba, shi da ita.

Bayan wata huɗu ya zo Palakkad ya kwana a gidanta. Ta dafa masa miyar kwakwa da yake so tun yana yaro, ta kira shi daga kicin. Ya wanke hannu ya zauna, yana tsokanar 'yarta a kan sabon askinta. Girija ta zo ta bayansa ta miƙa hannu za ta ajiye farantin.

Wuyansa ya shige tsakanin kafaɗunsa.

Ta ajiye a hankali, ta koma can gefe ta tsaya, hannayenta a baya. Shinkafar tana tururi. Mukundan ya riƙe bakin farantin da hannu biyu, bai taɓa abincin ba. Ya ɗago kai ya kalle ta.

"Chechi," ya ce, "in ci?"